Tafintan Injin Baba Mita

Baba Mita ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin gida-gida yana karanta mitar ruwa, shi ya sa sunan ya manne masa har bayan ya ajiye aiki. Amma abin da ransa ke so tun yana saurayi katako ne. A ɗan ɗakin da ke bayan gida, kusa da tanki, yake ajiye da zarto da guduma da wuƙaƙen sassaƙa, kuma babu maƙwabcin da bai taɓa samun kyautar maratayin makulli daga hannunsa ba, ko yana so ko ba ya so.

Da tsufa ya zo, hannun dama ya fara yi masa rawa. Ranar da wuƙa ta zame ta yanke shi a babban yatsa, babban ɗansa, wanda kowa ke kira Dogo, ya kwashe wuƙaƙen ya kulle a akwati. Dogo makanikin injinan masana'anta ne. Ya riƙa zuwa da ƙarafa da wayoyi a bayan babur, har ya haɗa wa mahaifinsa inji a kan tsohon bencin aikinsa: faffaɗan tebur da ake ɗaure katako a kai, da wani kai mai tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, riƙe da siririn haƙorin ƙarfe mai juyawa. Mutum ya yi zanensa a kwamfuta, ya tura, injin ya sassaƙa. Matar gidan, Mama, ta raɗa masa suna Sarkin Surutu, don in ya fara ƙara ko sallama ba a ji.

Dogo ya koya wa tsohon yin zane a manhaja, yana tsokanarsa wai yana riƙe linzamin kwamfuta kamar wanda ya kama ɓera da rai. Abu ɗaya ne bai koya masa ba.

"Akwai wani abu tsakanin zanen da injin, Baba," in ji shi. "Masu sana'ar na ce masa fos furosesa, ni dai tafinta nake ce masa. Shi ke mayar da zanenka zuwa yaren da wannan injin ke ji. Na riga na saita shi. Kai dai danna nan kawai."

Baba Mita ya danna, abu ya yi kyau, bai sake tambaya ba.

Ciwon da ya ɗauke Dogo bai ba kowa damar shiri ba. Da ƙafarsa ya shiga asibiti yana cewa ciki ne ke murɗa masa, a kwance aka fito da shi. Ya bar mata da 'ya ƙarama, 'Yar Lele, waɗanda ke zaune a sashen gefe na gidan. Tun daga ranar Baba Mita ya sa wa ɗakin baya kwaɗo. In zai je duba tanki ma, zagayawa yake yi ta ɗaya gefen.

Watanni suka shuɗe a haka. Wata safiya surukarsa ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar falo, kanta a ƙasa, ta ce mahaifinta ya ce ta koma gida, ƙarshen wata za a zo ɗaukarsu. Garin nasu da nisa, wuni guda ne a mota. Baba Mita ya dubi 'Yar Lele da ke wasa da takalminsa, ya ce, "Gaskiyarsa ce, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Bayan ta fita ya tuna da kujerar. Shi da Dogo suka zana ta tare don 'Yar Lele, 'yar ƙaramar kujera mai jingina, da tsuntsu a sassaƙe a bayanta. Har katakon Dogo ya saya, jan katako mai kyau, yana nan jingine a bango. Tsohon ya ɗauko makulli ya buɗe ɗakin. Ƙura ta rufe komai. Hular aikin Dogo na rataye a ƙusa. Ya kawar da kai, ya danna maɓallin kwamfutar. Shiru. Ashe rufin ya yi yoyo daidai kanta, ba wanda ya sani. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Da yamma 'yar autarsa ta dawo daga aiki ta same shi zaune a kan bokiti a ɗakin. Auta ma'aikaciyar jinya ce, ba ta taɓa kusantar injin ba sai dai ta leƙo ta ce a rage mata ƙara.

"Baba, ni fa allura na sani," ta ce. "Amma bari in ɗauko tawa kwamfutar mu gani."

Ta saka manhajar, ya faɗa mata kalmar sirrinsa, sai ga zane-zanensa duka sun bayyana, don a intanet ake ajiye su. Ga kujerar tana juyawa a allon, da tsuntsunta. Baba Mita ya cire tabarau ya goge. Ya nuna mata inda yake dannawa, ta danna. Maimakon abin ya wuce kamar yadda ya saba, sai manhajar ta tsaya tana tambaya: wane tafinta za a yi amfani da shi? Ƙarƙashin tambayar ga sunaye nan jere, ana ja ƙasa ba sa ƙarewa.

"Wanne ne naka?"

"Ni ina na sani? Yayanki ne ya saita."

A nan suka gane cewa zanen ya tsira, amma tafintan a cikin tsohuwar kwamfutar yake. Auta ta durƙusa ta haska akwatin wayoyin injin da fitilar waya, ta karanto sunan da ke jikin allon lantarkinsa, ta nemo mai kama da shi a jerin ta zaɓa. Suka ɗaure wani guntun falanki don gwaji. Injin ya farka, ya yi ƙararsa da aka daɗe ba a ji ba, har Mama ta fito tsakar gida da ludayi a hannu ta tsaya cak. Haƙorin ya sauka, ya yi 'yan mutsu-mutsu a wuri ɗaya, ya tsaya. Suka sunkuya suna dubawa. Ya zana mazaunin kujerar tsaf, amma bai fi girman maɓallin riga ba.

"To," in ji Auta, "kujerar kiyashi dai ta samu."

Dariya ta ƙwace wa tsohon, irin wadda ya manta yana da ita. Bai kai ƙarshenta ba ya juya fuska bango. Auta ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da bincike a waya, har ta gano cewa tafintan da inci yake magana, injin kuwa milimita yake ji. Ta canza.

Washegari kuma injin ƙin motsi ya yi gaba ɗaya, sai jan rubutu a allo. Suka buɗe abin da tafintan ya rubuta, layi-layi na haruffa da lambobi, Auta na bi da yatsa kamar mai duba sakamakon gwajin jini. Sai da suka sha wuya kafin su gano layin da ya shaƙe shi. Umarni ne na ya canza haƙori da kansa, irin na manyan injinan masana'anta, shi kuwa Sarkin Surutu da sifana ake kwance masa nasa. Ta cire wannan ma.

Aikin ba ya sauri, don sai Auta ta taso daga asibiti, wani lokaci idanunta ja wur saboda gajiya. Kwanaki kuwa suna ta tafiya. A sashen gefe an fara ɗaure kaya a kwalaye, kuma duk sanda Baba Mita ya ji ƙarar salatif sai ya ƙirga kwanakin da suka rage. Ana jibi tafiya, haƙurinsa ya ƙare. Ya ɗauko jan katakon da kansa ya ɗaure a tebur.

"Baba, mu fara gwada shi a iska tukuna," in ji Auta. "Mu ɗaga haƙorin sama mu ga hanyar da zai bi. Kowa haka yake cewa a yi."

"Kowa wa? Shekara nawa ina aiki da injin nan? Tura kawai."

"Akwai wuraren da ban gane ba har yanzu."

"Na ce ki tura."

Ta tura. Tun farko abin bai yi masa daɗin ji ba, don haƙorin ya faɗa cikin katakon tun bai gama ɗaukar gudu ba, ya yi wani kuka mai tsinin gaske. Amma injin ya daure ya ci gaba, ya zagaye mazaunin, gefuna suka fito sumul. Baba Mita har ya fara gyaɗa kai. Da injin ya kai ƙarshe, maimakon ya ɗaga sama, sai ya miƙe kai tsaye zuwa kusurwarsa ta hutawa da haƙorin a nutse. Ya tsaga mazaunin daga wannan gefe zuwa wancan, ya daki ƙarfen da ke riƙe da katakon, haƙorin ya karye, guntun ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi. Kafin hannun tsohon mai rawa ya kai kan jan maɓallin tsayarwa, an gama ɓarna.

Baba Mita ya sa yatsa a cikin tsagar yana bin ta.

"Katakon da ya saya da hannunsa," ya ce. Muryarsa ta hau. "Me kika taɓa? Me kika lalata? Da Dogo ne a nan, wallahi da..."

"Ai ba shi ba ne, Baba." Auta ta miƙe, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. "Ba shi ba ne. Ni ce na rage maka. Ni ma yayana ne."

Ta rufe kwamfutarta ta fita.

Ranar tafiya mota ta zo da sassafe. Aka loda kwalaye da katifa. 'Yar Lele ta riƙe masa ƙafa tana tambaya ko shi ma zai shiga, ya ce mata motar ta cika, sai wani zuwan. Ya laluba aljihu, babu abin da zai ba ta sai alewa guda da ta narke a takardarta. Surukarsa ta durƙusa ta nemi gafara, Mama ta rungume ta suna kuka. Shi dai yana tsaye yana kallon tayar motar, yana cewa direba ya duba iskarta. Da suka sha kwana, gidan ya yi faɗi fiye da kima.

Ya yi kwanaki shi da Auta ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Ran nan tana zaune a baranda da kayan aikinta ba ta ko cire ba, sai ya zo ya ajiye mata kofin shayi a gefe, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana kallon bango.

"Na sayo sabon haƙori," ya ce. "In kina da lokaci. In babu kuma, ba komai."

Ta dubi shayin, ta dube shi. "Ka sa sukari kuwa?"

"Har ya yi yawa."

Wannan karon ba su ɗaure komai a tebur ba. Auta ta buɗe shafin saitin tafintan, mai cike da ƙananan akwatuna, wasu na sa alama, wasu na rubuta lamba. Ta ce ta gaji da lalube cikin duhu, shi ya fi kowa sanin halin injin, don haka ya ba ta labarin yadda yake yi a da, tun daga kunnawa har gamawa, kada ya tsallake komai.

Ya rufe ido. Ya ce da farko injin yana ɗagawa sama sosai, ya fara juyi, ya ɗan jira kamar mai jan numfashi, sannan ya sauka. Ta nemo akwatin jira, ta same shi babu komai a ciki, ta rubuta 'yan daƙiƙoƙi. Ya ce in zai tashi daga wani wuri zuwa wani, sai ya ɗaga ya wuce saman ƙarafan riƙo. Ta nemo tsayin tsira, ta ƙara shi, ta kashe umarnin da ya ja shi kusurwa da haƙori a ƙasa. Ya ce in ya gama, yakan ja kansa can baya ya bar masa katakon a fili, ba sai ya miƙa hannu ta ƙarƙashin haƙori ba.

"Shi ma babu shi a nan," in ji ta. "Sai an rubuta masa inda zai je."

"A'a, wannan ai halinsa ne. Haka yake yi tun ranar farko."

"Baba, inji ba shi da hali. Duk abin da ka faɗa, mutum ne ya zauna ya sa masa."

Tsohon ya ce, "To hutun fa?"

"Wane hutu?"

Ya yi mata bayani. Duk sanda injin ya gama wani sashe na aiki, sai ya ɗaga, ya kashe kansa, ya tsaya, ba zai ci gaba ba sai an danna masa. Dogo ya ce masa motar da ke juya haƙorin ƙarama ce, dole a bar ta ta huce, in ba haka ba za ta ƙone. Don haka in ya tsaya, shi ma sai ya fita ƙofa ya zauna a inuwar tanki, ya sha ruwa, ya dawo. Ya sha zagin injin a kan haka, yana ce masa malalaci.

Auta ta duba lambar da ke jikin motar, ta nema a waya, ta karanta a hankali. Ta sake karantawa. Sannan ta ajiye wayar a cinya.

"Wannan motar tana iya wuni tana aiki, Baba. Ba ta buƙatar hutu." Ta nuna masa wani ɗan akwati a ƙasan shafin, na tsayawa tsakanin sassan aiki. "Yaya ne ya kunna wannan a tsohuwar kwamfutar. Ka tuna lokacin da likita ya ce ka daina doguwar tsayuwa saboda jininka, ka ce ba wanda ya isa ya zaunar da kai? Yaya ya ce min in bar shi da kai, ya san yadda zai yi. Ban taɓa tambayarsa me ya yi ba."

Baba Mita ya dubi ɗan akwatin. Bai fi ƙwayar gero ba a allon, fari fat, babu komai a ciki. Ya tuna yawan zaman da ya yi a inuwar tankin yana mita, wani lokaci Dogo na gefensa yana taya shi zagin injin, har yana cewa zai nemo masa babbar mota in an samu hali. Ranar rasuwar bai yi kuka ba, mutane suna ta yaba dauriyarsa. Yanzu kuwa ya zauna a kan bokitin, ya kife fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Auta ta durƙusa ta dafa gwiwarsa, ba ta ce ya yi haƙuri ba. Sun daɗe a haka.

"In sa, ko in bari?" ta tambaya daga baya.

Ya share fuska da hannun riga. "Sa."

Suka gwada a iska har sau biyu, haƙorin na yawo a sama yana yanka babu komai, su kuma suna bin sa da ido. Suka gwada a falanki. Sannan suka koma kan jan katakon. Ragowar ba za ta isa sabon mazauni ba, sai tsohon ya cike tsagar da gam da garin katako, ya kife ta ta koma ƙasa inda ba mai gani sai wanda ya ɗaga kujerar. Injin ya fitar da ƙafafu, ya tsaya. Baba Mita ya fita ya zauna, Auta ta miƙo masa ruwa. Ya dawo ya danna, ya fitar da majingini da tsuntsunsa, fiffike ɗaya-ɗaya. Gogewa da haɗawa da shafa mai kuwa da hannunsa ya yi, a hankali, yana dafe hannun dama da na hagu.

Wani direban babbar mota da ke bin hanyar garin ya karɓi kujerar, an naɗe ta da tsohon bargo. Bayan kwana biyu surukar ta kira. Ta yi godiya sosai, sannan ta ce bari ta ba 'Yar Lele.

"'Yar Lele? Kakanki ne. Kin ga tsuntsun?"

Ba ta amsa ba. Numfashinta kawai yake ji a wayar, da muryar uwar can ƙasa tana cewa, "Gaishe shi mana, kin manta shi ne?" Sai aka ji ƙiii, ana jan abu a kan siminti, ƙarar na yin nisa.

"Kunya take ji, Baba," in ji surukar. "Amma tun da aka kawo ta take jan ta duk inda za ta. Ta hana yaran gidan taɓawa."

"To madalla," ya ce. "Ki ɗaura mata tsumma a ƙafafun, kada ta dami mutane da ƙara."

Suka yi sallama. Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne bayan ta katse. Daga kicin Mama ta ɗaga murya.

"Baban Dogo, abincin nan zai huce fa."

Tun rasuwar ba ta kira shi da wannan sunan ba, kullum sai dai ta yi gyaran murya ko ta ce "ka ji". Da alama suɓuce mata ya yi, don ya ji motsin kwanukan ya tsaya. Ya ajiye wayar a kan tabarma, ya dafa bango ya miƙe.

"Ina zuwa," ya ce.